Takardar Naira 3,000 Da Ƙafar Mai Babur

(Laccar da aka gabatar a zauren taro cikin Makon Ƙungiyar Ɗalibai)



Lokacin da takardar gayyata ta iske ni, na ga an ce in zo in yi magana a kan inshorar babur, sai da na yi murmushi, domin na san ba irin zancen da ke tara jama'a ba ne. Da siyasa aka ce, ko tsadar aure, da zauren nan bai ɗauke mu ba. Amma da na shigo ɗazu na ga baburan da aka jera a inuwar bakin ƙofa, sai hankalina ya kwanta, na ce waɗanda maganar ta shafa sun zo. Kusan kowane babur daga cikinsu yana da wata takarda a naɗe cikin leda, wadda ba a warware ta sai ɗan sanda ya ɗaga hannu. Wannan takarda ita ce ta kawo ni gabanku yau.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da ɗan ƙanwa, ƙaramin akawu ne, yana zaune a Barnawa, yana aiki a ƙetaren gada cikin gari. Wata ranar damina ya taso daga aiki da magariba, ya haye gadar kogin Kaduna, ya wuce shataletalen tashar jirgin ƙasa, ya kama hanyar Kachia. Ruwa ya ɗauke, amma ya bar yashi a gefen kwalta. Ya taka birki don ya kauce wa wata Keke Napep, babur ya zame, ya tafi da shi ya maka a jikin wata mota da ke tsaye. Ƙofar motar ta lotsa, fitilarta ta fashe. Shi kuwa ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, hular kwanonsa ta tsage daga goshi har ƙeya, rigarsa ta yage, gaban babur ya murɗe. Da na je duba shi a asibiti washegari, ko gaisawa ba mu gama ba ya sa aka miƙo mini ledar nan, ya ce, "Kawu, ga inshorata, kai ka san harkar, a je a karɓo kuɗin magani." Na warware takardar na karanta. Ta gaskiya ce, wa'adinta bai ƙare ba, ba ta da aibi ko kaɗan. Duk da haka tilas na ce masa, "Ɗana, wannan takarda za ta gyara ƙofar motar can. Ƙafarka ba ta ciki, hularka ba ta ciki, babur ɗinka ma ba ya ciki." Ban taɓa manta irin kallon da ya yi mini ba. Ya ɗauka kamfani ne ya cuce shi. Alhali kuwa abin da ya saya ne aka ba shi, sai dai bai taɓa sanin abin da ya saya ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Hayin nan na kudu da kogi gari ne na ma'aikata tun asali. Tashar jirgin ƙasa ta kafa shi, masaƙu suka raya shi. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Iyayenmu sun tuna shekarar 1975, lokacin da aka biya ariyas na Udoji, ma'aikata suka jingine kekuna suka sayi Honda da Suzuki da Vespa. Da masaƙun suka durƙushe, har KTL ta rufe a 2002, da yawa daga cikin waɗanda aka sallama babur suka kama suna acaɓa don ciyar da iyali, kafin gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta yi dokar hana acaɓa a cikin birnin Kaduna a 2014. Watau dai shekara 50 ke nan babur yana ɗauke da ƙaramin ma'aikaci tsakanin Makera, Nasarawa, Narayi, Sabon Tasha da cikin gari, a kan hanya ɗaya da tireloli da tankokin mai. Ita ma inshora ba baƙuwa ba ce a nan, domin kamfanin Leadway, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar nan, a Kaduna aka kafa shi a 1970, kuma da inshorar motoci ya fara. Amma har yau tsakanin mai babur da takardarsa sai kallo daga nesa.

To, mece ce wannan takarda? Sunanta inshorar mutum na uku. Lissafin kuwa shi ne, kai mai babur kai ne na farko, kamfanin inshora shi ne na biyu, ku biyu kuka ƙulla yarjejeniya. Na uku shi ne wanda ba ya nan sa'ad da kuka ƙulla, bai san ku ba, bai sa hannu a kome ba, yana cikin tafiyarsa tsautsayi ya haɗa ku. Shi ne tsohuwar da ke tsallaka titi a Kasuwar Kakuri, shi ne yaron makaranta, shi ne mai motar da ɗan ƙanwata ya lotsa wa ƙofa. Abin da kamfani ya yi alkawari shi ne, idan ka jawo wa wannan mutum rauni, ko mutuwa, ko asarar dukiya, shi zai ɗauke maka nauyin diyyar da doka ta ɗora maka. Saboda haka ne doka ta wajabta ta. Hukuma ba ta tilasta maka ka kare kanka, amma tana da ikon ta ce ba za ka hau ƙarfe mai gudu cikin jama'a ba, sai akwai wanda zai biya idan ka yi ɓarna alhali aljihunka ba kome. Tun zamanin Turawa aka yi wannan doka, a 1945. Dokar Inshora ta 2003 ta zo ta ƙara ɓarnar dukiya a kanta, sa'an nan a 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin tsofaffin, wajabcin kuwa yana nan daram.

Ga farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta yanka daga ranar 1 ga Janairu 2023. Babur Naira 3,000 a shekara, kamfani ya biya ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 1. Keke Napep Naira 5,000, iyakar ɓarna miliyan 2. Motar gida Naira 15,000, iyakar ɓarna miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, rauni da rai lissafinsu daban. Ku dubi abin da idon basira. Naira 3,000 ba ta cika tankin babur a yau, amma tana iya tsayawa tsakaninka da sayar da filin gado ranar da ka fasa wa wani babban mutum fitilar mota. Ni ban san wata araha da ta kai wannan ba. Laifinta ɗaya ne, kallon kitse da ake yi wa rogo.

Wannan fa idan takardar ta gaskiya ce. Manyan da ke zauren nan za su tuna watan Janairu na 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti, aka ɗaura igiya a haɓa, labarin ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje, duniya ta yi ta dariya. Mu da muke dariya, da yawanmu akwai ƙwarya a cikin ledarmu. Takardar inshorar da ɗan kamasho ya haɗo maka a bakin ofishin lasin, tare da sauran takardun babur, wadda ba ka san sunan kamfaninta ba, ba ka san inda ofishinsa yake ba, sau da yawa ƙwarya ce. An yi ta ne don idon ɗan sanda, kamar yadda aka kifa ƙwaryar don idon jami'in hanya, kuma ranar da kai ya bugi kwalta duka biyun aikinsu ɗaya. Ko idon ɗan sandan ma ta daina ruɗarsa, domin tun ranar 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta shelanta tsananta bincike a kan wannan inshora a ƙasa baki ɗaya, ga kuma rumbun bayanai na NIID da ƙungiyar kamfanonin inshora ta kafa, inda ake sa lambar abin hawa a waya a ga ko akwai shi a rajista. Kai ma kana iya dubawa da kanka. In lambarka ba ta fito ba, koma wurin wanda ya sayar maka tun kana da ƙafa biyu.

Yanzu mu koma kan abubuwa uku da na ce wa ɗan ƙanwata ba sa ciki, watau babur, da kayan jiki, da jikin kansa.

Shi babur, abin da ke kare shi ita ce cikakkiyar inshora. Ta haɗa haƙƙin mutum na uku da asarar babur ɗinka, ko ta haɗari, ko gobara, ko sata. Ƙa'idar da ta fara aiki a 2023 ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa ba. A ce babur ɗinka na Naira miliyan 1 ne, to, ka tanadi Naira 50,000 ko fiye a shekara. Ga ɗalibi wannan kuɗi ne, ba zan ɓoye muku ba, kuma ba zan ce kowa ya yi ba. Mai tsohon babur da ya sha hannun bakanike, wataƙila gara ya ajiye kuɗinsa. Amma wanda ya karɓi sabon babur bashi, ana yankar albashinsa duk wata, ya yi tunani da kyau, domin ɓarawo ba ya tafiya da bashin, babur kaɗai yake ɗauka. Wanda zai yi kuwa ya san abu biyu. Na farko, kamfani ba sabon babur zai saya maka ba, darajarsa ta ranar da abin ya faru zai biya, don manufar inshora a mayar da kai inda kake, ba ka ci riba ba. Na biyu, akan rubuta wani kaso na farkon asara wanda kai za ka ɗauka, kamfani ya biya abin da ya haura. Saboda haka madubi ko fitilar gefe in sun fashe, kusan kullum daga aljihunka ne.

Batun kayan jiki shi ne inda na fi son ku saurara, don a nan ne har masu cikakkiyar inshora suke shan mamaki. Yarjejeniyar da aka saba rubutawa tana magana ne a kan babur da abubuwan da ke maƙale a jikinsa. Hular kwano a kanka take, ba a jikin babur ba. Haka rigar fata, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da tabarau, balle waya da kwamfutar da ke cikin jakar bayanka. A Ingila da Amurka, inda kayan mahayi kan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin babur ɗin kansa, kamfanoni suna sayar da kariyar hula da riga a matsayin ƙari na musamman, da iyakar kuɗin da za a biya. A nan ma hanyar ita ce ka tambaya tun farko, in kamfani ya yarda a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da farashinsu a cikin yarjejeniya. Abin da wakili ya faɗa maka da baki a kan benci, ranar biya babu shi.

Wani zai ce, hula guda nawa take da za a tsaya wannan dogon Turanci? Amsa ita ce, hular kirki ba ta da araha, kuma sau ɗaya take aiki. A ƙarƙashin ɓawonta mai tauri akwai wani farin soso, irin wanda ake tallafe rediyo da shi a cikin kwali. Idan kai ya bugu, soson nan ne ke murƙushewa ya shanye bugun a madadin ƙwaƙwalwa, kuma in ya murƙushe ba ya komawa. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a bayanta ba. Don haka hular gwanjo da ba ka san tarihinta ba abar tsoro ce, hular leburan gini kuwa an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don kwalta ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa hular da aka sa daidai, aka ɗaure maɗaurinta, tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuwa da kimanin kashi 69. Ku lura da maganar maɗauri. Wadda aka ɗora a ka kamar hular sallah, ko aka rataye a hannun babur, ita ce ke fara tashi.

Akwai wata ƙofa da mutane ba su sani ba. Idan wani ne ya buge ka, kuma laifin nasa ne, to, lissafi ya juya, kai ne ka zama mutum na uku a takardarsa. A nan babur ɗinka dukiya ce, hularka dukiya ce, rigarka da wayarka ma haka, kuɗin asibitinka kuma haƙƙi ne a kansa da kamfaninsa. Mai motar gida da ke da takardar gaskiya, kamfaninsa na iya biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Amma me muke yi? Jama'a su taru, a yi hayaniya, mai mota ya zaro 'yan kuɗi ya danƙa, dattawan wurin su ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, a watse. Haƙuri abu ne mai kyau, ni ma da shi aka rene ni. Sai dai ka san wa kake yafe wa. Sau da yawa ba direban ka yafe wa ba, kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa domin irin wannan rana shi ka yafe wa. Saboda haka ku riƙa ajiye rasiɗin duk abin da kuka saya, kuma kada ku jefar da fasasshiyar hula, shaida ce.

Saura jiki, wanda ya fi kome. Mai mota yana cikin akwatin ƙarfe, mai babur kuwa jikinsa ne bodin motarsa, amma shi ne wanda takardar dole ba ta san da zamansa ba. Abin da ke rufe wannan giɓi shi ne inshorar haɗarin kai, wadda ake saye daban. Akan rubuta adadin da za a biya in mutum ya rasu, ko ya nakasa, da iyakar kuɗin magani. In da za a ce in zaɓar wa ɗalibi ko sabon ma'aikaci abu guda bayan takardar dole, wannan zan zaɓa kafin cikakkiyar inshorar babur, domin ana sayen wani babur a kasuwa. Ban da wannan akwai haƙƙoƙin da kuke da su ba ku nema. Ɗalibai suna da shirin inshorar lafiya na manyan makarantu, TISHIP, ku je asibitin makaranta ku tambayi iyakar abin da ya ɗauka. Ma'aikatan jiha suna da hukumar KADCHMA. Sa'an nan ga Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi, ba a taɓa na ma'aikaci, kuma dokar ta lissafa haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki a cikin abubuwan da ake biyan diyyarsu. Ɗan ƙanwata daga ofis ya taso, gida ya nufa. Da muka bincika, ashe ma'aikatarsu ba ta taɓa yin rajista ba. Dangi ne muka yi karo-karo. Ku ma'aikata, gobe in kun je ofis ku tambayi akawun albashi wannan tambaya, kada ku bari sai kuna kwance.

Wasu abubuwa kuma suna ɓata takardar gaskiya. Ka ce wa kamfani babur na hawan kanka ne, sa'an nan da yamma ka riƙa ɗaukar fasinja don kuɗin cefane, ka buɗe masa ƙofar ƙin biya, ban da cewa ka shiga hurumin dokar acaɓa. Ka ba aboki aro alhali ba shi da lasin, haka. Wa'adi ya ƙare jiya, haɗari ya faru yau, babu roƙo, domin ƙa'idar ita ce in ba a biya ba, babu kariya. Wanda kake goyawa a baya kuwa, ko matarka ce ko abokin karatu, kada ka ɗauka yana ciki, ka sa a nuna maka layin da ya ambace shi.

Na san akwai masu cewa inshora ba ta halatta ba, saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a gaban malamaina ba. Abin da zan ce shi ne an samar da mafita. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, a 2016 kuma ta ba kamfanonin Noor da Jaiz lasin. A tsarin takaful abin da kuka zuba gudummawa ce cikin asusu ɗaya, a taimaki wanda asara ta samu, ba a juya kuɗin a harkar riba, in an sami rara a raba wa waɗanda suka zuba. Bahaushe ya san gayya, ya san gudummawar gobara, abin ba baƙo ba ne. Kuma ba a tambayar addinin mai saye, wanda a gari irin Kaduna abu ne da ya kamata a faɗa.

Na ga Malam Shugaba yana duban agogo, bari in gaggauta da abin yi ranar da tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye. Rai ne farko. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, a kai wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa, a wannan hayi akwai na Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Kada a fizge hula daga kan wanda ya suma, don wuya na iya kasancewa a karye. In kana cikin hayyacinka, ko abokinka na kusa, a ɗauki hoton wurin kafin a janye ababen hawa, a rubuta lambar motar, da sunan kamfanin inshorarta, da lambar wayar mutum biyu da suka ga abin. A sanar da 'yan sanda a karɓi rahoto. A sanar da kamfani a rubuce cikin gaggawa, ba bayan wata guda ba. Kada ka sa hannu a takardar amsa laifi ko ta sulhu a bakin titi, kada ka kai babur gyara kafin kamfani ya gani. Wanda ya zaɓi maɗori na gida, ya sani kamfani rahoton likita da hoton ƙashi yake nema. In an yi duk wannan kamfani ya tsaya jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma ba a biyan ko kwabo.

Ɗan ƙanwata ya yi wata huɗu kafin ya ajiye sanda. Kamfaninsa ya gyara motar mutumin ba gardama, abin da in da takardar ƙwarya ce, da albashinsa na watanni ya tafi a kai. Tsagaggiyar hular tana nan a ɗakin mahaifiyarsa, ta hana a jefar. Malam Shugaba, na roƙi alfarma a bar mini teburin nan na rabin sa'a bayan an tashi. Duk mai babur a waje ya ɗauko ledarsa ya kawo, mu sa lambar a waya, mu karanta takardar tare.